Yadda masu zaɓen Sikotlan suka saba ba masu hasashe kunya

Duk wanda ya shiga rumfar zaɓen majalisar Sikotlan, takarda biyu ake miƙa masa. Mai launin shunayya ta ɗan takarar mazaɓarsa ce, mai ruwan goro-goro kuma ta jam'iyyar da yake so ce a yankinsa. Shi ya sa masu bin jama'a da tambayar "wa za ka zaɓa?" sai sun yi ta sau biyu, su kuma ƙara ta uku wadda ba ta kan ko wace takarda: kana son Sikotlan ta ɓalle daga Birtaniya? Amsoshin nan uku ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka haifi majalisar.

A 1707 Sikotlan ta haɗe da Ingila, majalisarta ta rufe, aka koma yin dokokinta a Landan. Sai a ranar 1 ga Maris 1979 aka tambayi mutanenta ko suna son ƙaramar majalisa tasu. Kashi 51.6 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce e, amma aka ce ba su ci ba. Wani ɗan majalisa, George Cunningham, ya riga ya cusa sharaɗin cewa sai masu e sun kai kashi 40 na duk wanda ke cikin rajista, su kuwa kusan kashi 33 suka tsaya. Wato wanda ya yi zamansa a gida tamkar ya ce a'a ne. Wannan abu ya daɗe yana yi wa mutanen Sikotlan ciwo.

Shekaru 18 na mulkin masu ra'ayin riƙau suka ƙara wa wutar fetur. Sikotlan tana zaɓen jam'iyyar Leba, Ingila tana ɗora mata Margaret Thatcher. A 1989 aka fara karɓar harajin kai a Sikotlan, shekara guda kafin Ingila, mutane suka ce an mai da su zakaran gwajin dafi. Da zaɓen 1997 ya zo, masu riƙau ko kujera ɗaya ba su tsira da ita a Sikotlan ba. A watan Satumban shekarar aka sake tambaya, kashi 74.3 suka ce suna son majalisa. Ta zauna a Edinbara a Mayun 1999, Donald Dewar na Leba ya zama Ministan Farko.

A nan takardu biyun suka samo asali. Kujeru 129 ne: 73 na mazaɓu, 56 na yankuna takwas, bakwai-bakwai. Jam'iyyar da ta kwashe mazaɓu a yanki, sai a rage mata rabo a takarda ta biyu, don kada wani ya cinye tuwon shi kaɗai. Tunanin shi ne ba jam'iyyar da za ta kai kujeru 65 ita ɗaya, balle jam'iyyar SNP mai neman ɓallewa. Wani jigon Leba, George Robertson, har ya bugi ƙirji cewa ba Sikotlan majalisa zai kashe neman ɓallewa murus.

Ashe bai san gawar fari ba. A 2007 SNP ta ci 47, Leba 46, a zaɓen da ƙuri'u sama da 100,000 suka lalace saboda rikitar takarda. Amma 2011 ce shekarar da masu hasashe ba sa son a tuna musu. A farkonta ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna Leba a gaba da tazara mai faɗi, har an fara yi wa shugabanta Iain Gray kallon Ministan Farko. Sai yaƙin neman zaɓe ya kankama. Wata rana masu zanga-zanga suka tare shi a tashar jirgin ƙasa ta Gilasgo, ya fice suna biye da shi, ya shige wani shagon sayar da burodi, kyamarori na ɗauka. Ba hoton nan kaɗai ya kayar da shi ba, amma ya manne a zukata. Cikin 'yan makonni lissafi ya juye. Alex Salmond, shugaban SNP, ya tashi da kujeru 69, abin da aka gina tsarin don kada ya faru.

Rinjayen nan ne ya haifi ƙuri'ar raba gardama ta 18 ga Satumba 2014. Saura kwana goma sha ɗaya, wani binciken YouGov ya nuna masu son ɓallewa da kashi 51. Landan ta ruɗe. Shugabannin manyan jam'iyyun Birtaniya, David Cameron da Ed Miliband da Nick Clegg, suka bar zaman majalisa suka garzaya arewa, suka sa hannu kan alkawarin ƙarin iko a shafin farko na jaridar Daily Record. Ranar zaɓe masu a'a suka ci da kashi 55.3, fitowar jama'a ta kusa kashi 85. A ganina, binciken nan guda ya fi jawabai ɗari amfani ga Edinbara, domin alkawarin da tsoro ya fitar ne ya zama dokar 2016 da ta ba majalisar iko kan harajin albashi.

Tun daga nan ra'ayin ɓallewa ya tsaya wajen rabi da rabi, ƙuri'ar jam'iyyu ce ke hawa da sauka. A 2021 SNP ta ci mazaɓu 62, amma ƙuri'a sama da miliyan guda a takarda ta biyu kujera biyu kacal ta kawo mata, yayin da masu rajin kare muhalli suka samu takwas duk ta wannan takarda. Mai zaɓe ya gane wasan, yana raba ƙafa da gangan. Bayan Nicola Sturgeon ta SNP ta sauka daga kujerar Ministan Farko a 2023, Humza Yousaf, Musulmi na farko a kujerar, ya yi shekara guda da 'yan makonni ya miƙa wa John Swinney. A zaɓen Birtaniya na Yulin 2024 SNP ta faɗo zuwa kujeru 9, Leba ta ɗauki 37, alhali masu son ɓallewa ba su ragu haka ba. Mutum ɗaya yakan ba Leba ƙuri'ar Landan don ya kori masu riƙau, ya ajiye ta Edinbara ga wani dabam.

Su kansu masu zaɓen sun ƙaru. 'Yan shekara 16 da 17 suna zaɓen majalisar tun 2016. Dokar 2020 kuma ta buɗe ƙofa ga duk baƙon da ke da izinin zama, har da 'yan gudun hijira. Ɗan Najeriya ko Gana da ke zaune a Sikotlan ya daɗe da wannan dama ta hanyar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Yanzu ɗan Nijar ko Chadi mai takardun zama shi ma ana miƙa masa takardun nan biyu.