Ganuwar Katsina da Hasumiyar Gobarau: Tsaro da Ibada a Birnin da Ba Shi da Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya bi tarihin manyan biranen ƙasar Hausa zai tarar yawancinsu a gindin dutse suka fara tsirowa. Kano tana da Dala, Zazzau tana da Turunku da Kufena, yammacin tsohuwar ƙasar Katsina kuma akwai Kwatarkwashi. Dutse yakan yi wa mutanen dā amfani iri biyu: mafaka ce ranar yaƙi, kuma mazaunin iskokin da suke bauta wa ne, kamar yadda tarihin Kano ya nuna game da Barbushe da Tsumburbura. Watau tsaro da ibada a wuri ɗaya suke zaune. Birnin Katsina kuwa a shimfiɗaɗɗen fili aka kafa shi. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna yadda Katsinawa suka sama wa kansu da jar ƙasa abin da waɗansu suka samu daga dutse, watau ganuwa da hasumiyar Gobarau, da kuma abin da ke kan wuyan masu mulki da masu ilmi game da abin da ya rage daga cikinsu.

Kafuwar birni da gina ganuwa

Kafin birnin Katsina ya ɗaukaka akwai tsofaffin wuraren sarauta kamar Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, inda manyan tuddan kaburburan sarakuna suke. Labarin baka ya ce Muhammadu Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, kuma shi ne ake lissafawa Sarkin Katsina Musulmi na farko. Gidan sarautar ma har yau Gidan Korau ake ce masa. Waɗansu jerin sunayen sarakuna sun sa zamaninsa cikin ƙarni na 14, amma masana irin su Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa a kan tarihin Katsina ya fito a 1981, sun fi karkata ga ƙarni na 15.

Ganuwa ba aikin sarki ɗaya ba ce, ana ƙara ta ne gwargwadon yadda gari ya ƙaru, amma Sarki Ali Murabus na ƙarni na 16 shi aka fi danganta babbar ganuwar waje da shi. Dalilin gina ta a fili yake. A wannan zamani Katsina ta zama zangon ayarin da ke ƙetaro Sahara ta Agadas, dukiya ta taru, ga kuma gaba tsakaninta da Kano, daga baya kuma da Kwararrafa da Gobir. Fatake ba su sauke kaya inda ba su amince da barcinsu ba, saboda haka ganuwa ita ce jarin farko na kasuwar Katsina.

Yadda aka gina ta

Ƙasar da aka gina ganuwa a gindinta aka haƙo ta, ramin da ya rage ya zama gwalalo, aka bar sarƙaƙƙiya ta cika shi don dawaki su kasa matsowa. Akan kwaɓa ƙasa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, sa'an nan a jera a bi shi da yaɓe. Gindin bango yakan yi kauri ƙwarai, yana tafiya yana tsukewa zuwa sama, domin nauyinsa ya zauna a kan kansa. Ta ciki akwai badala inda maharba ke tsayawa. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina a 1851, ya ƙiyasta kaurin gindin ganuwar ƙafa 30, kewayenta kuma mil 13 zuwa 14. Wannan faɗi da gangan aka yi shi, domin a ciki akwai gonaki da rijiyoyi da filin da mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu in an kewaye gari.

Ƙofofin da aka fi sani guda bakwai ne: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Abin lura shi ne huɗu daga cikinsu sunayen sarautu suke ɗauke da su. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, Durɓi da 'Yanɗaka suna cikin masu zaɓen sarki, Marusa kuma yana cikin manyan hakimai masu riƙe da ƙasa, ƙofarsa tana ɓangaren gabas na birni. Ashe ganuwa taswirar mulki ce: ana iya karanta tsarin sarautar Katsina daga ƙofofinta. Kowace ƙofa doguwar mashiga ce mai kama da zaure, da rufin azara da ƙyaure mai nauyi, da Sarkin Ƙofa mai rufewa da faɗuwar rana. Gyaran bango kuwa aikin gayya ne bayan damina, kowace jama'a da yankin da aka yanka mata.

Hasumiyar Gobarau

A cikin birni, yamma da Gidan Korau, hasumiyar Gobarau take, tsawonta wajen ƙafa 50, watau kimanin mita 15. Ita ce abin da ya rage daga tsohon masallacin Jumma'a na Katsina. Gini ne mai kusurwa huɗu, hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, da matakala mai kai mutum sama. Da tubali da azara aka yi ta, ana kare fuskarta daga ruwa da yaɓe mai haɗin makuba. Labarin baka ya danganta masallacin da zamanin Korau da kuma Shehu Muhammadu al-Maghili. Tun da yake al-Maghili ya zo ƙasar Hausa wajen 1492, wannan danganci ya fi dacewa da ra'ayin masu sa Korau cikin ƙarni na 15.

Hasumiyar ta yi aiki biyu. Daga kanta ladan ke kiran salla, kuma daga kanta mai tsaro ke hango ƙurar mahara tun suna nesa. Wannan haɗi ba baƙo ba ne a duniyar Musulmi. Ribaɗin Susa da na Munastir a Tunisiya suna da irin wannan hasumiya mai aiki biyu, sansanin da Salahuddin ya fara ginawa a 1176 a kan tudu a Alƙahira kuma masallatai ne a cikinsa. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce hasumiyar Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515. Bambancin Katsina shi ne ba ta sami tudun da za ta ɗora masallaci a kai ba, sai ta mai da masallacin kansa tudu.

A inuwar wannan masallaci ilmi ya bunƙasa. Katsina ta fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Jihadi da zuwan Turawa

Wajen 1807 birnin ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar Korau suka yi arewa har suka kafa Maraɗi. An kafa wani masallacin Jumma'a, Gobarau ya rasa matsayinsa, jikin masallacin ya zube a hankali, hasumiya ta tsaya ita kaɗai. Ganuwa kuwa amfaninta ƙaruwa ya yi, domin hare-haren Maraɗawa da Gobirawa ba su yanke ba cikin ƙarni na 19. Amma kasuwa ta koma Kano. Barth ya ƙiyasta mutanen birnin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a cikin ganuwar da yake ganin ta taɓa ɗaukar 100,000. Wannan ya nuna bango yana iya tsare gari daga mahara, amma ba ya iya riƙe fatake in hanyoyin da ke wajensa ba su da aminci.

A 1903 Lugga ya shiga Katsina ba tare da yaƙi ba. Daga nan aikin ganuwa na tsaro ya ƙare, gayyar gyaranta ta mutu. Hasumiya ta tsira ne domin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya sa magina sun gyara ta, daga baya kuma gwamnati ta sa ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Kammalawa

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannu a kansa kowace shekara. Abin da ya riƙe ganuwar Katsina ƙarni uku da wani abu shi ne tsarin da ya san wane ne ke da alhakin kowane yanki nata. Da tsarin ya tafi, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye suka raba ta, musamman bayan Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. An sake gina ƙofofi da siminti, sunan Marusa da na Durɓi sun koma sunayen unguwanni, amma ganuwar da ta haɗa su saura guntaye. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili, da injiniyan da ke shata hanya, su ne suka gaji aikin Sarkin Ƙofa. Ɗalibai kuma aikinsu ne su auna abin da ya rage, su rubuta sanin tsofaffin magina tun suna raye, domin in ɗan magini bai ga ubansa yana haɗa makuba ba, ba wanda zai yaɓe Gobarau bayan damina.