Ranar da Abdullahi ɗan Fodiyo Ya Juya Baya

A watan Yunin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagoranci jama'ar yayansa, Shehu Usmanu, a yaƙin Tabkin Kwatto, inda suka rinjayi rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Wajen shekarar 1807 kuwa, wannan jarumin ya sulale daga cikin runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, alhali Alkalawa, babban birnin Gobir, bai faɗi ba tukuna.

Me ya kore shi? Shi da kansa ya ba da amsa a littafinsa Tazyin al-Waraƙat. Da yawa daga cikin malamai da mahaddatan da aka fara tafiyar da su sun kwanta dama a Tsuntsuwa da Alwasa. Waɗanda suka cike gurbinsu, a ganinsa, hankalinsu ya koma kan ganima da muƙami da dawakai da tufafin ado. An fito don kawar da zaluncin sarakuna, sai ga alamun abin da aka gudu yana tsirowa a cikin gida. Abdullahi ya tambayi kansa: shin wannan ce tafiyar da na yi wa mubaya'a?

Da ya isa Kano, sai jama'ar garin suka tare shi, suka roƙe shi ya nuna musu yadda ake mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, inda ya fayyace sharuɗɗan naɗa shugaba, da haƙƙin talakawa a kansa, da aikin waziri da alƙali. Bai ƙarasa Makka ba.  Ya koma, kuma a 1812 Shehu ya danƙa masa kula da yammacin daular, ɓangaren da ya zama ƙasar Gwandu.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 1817. Shehu ya rasu, aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, ba ƙanensa ba. Abin ya sosa wa Abdullahi rai, aka yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja. Amma da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa ɗauki. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi yunƙurin sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Duk wanda aka ɗora wa jagoranci, ko da na ƙungiyar unguwa ne, tambayoyin Abdullahi na jiransa. Don me na fito? Har yanzu abin da na fito dominsa nake yi wa aiki? Kuma idan kujerar ta tsallake ni, zan ci gaba da yi masa hidima?