Bayanan Sirri a Rumbun Intanet: Yadda Doka Ta Rarraba Su

Rumbun intanet na nufin ajiye bayanai a manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Google da Amazon, maimakon kundi ko wayar hannu. A yau ƙaramin asibiti ko mai sana'ar POS a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano, kan ajiye bayanan mutane a can.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kare suna da adireshi da lambar waya. Ta kuma ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin sirri: zanen yatsa, ƙwayoyin halitta, lafiya, ƙabila, addini, ra'ayin siyasa, sha'anin jima'i da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago.

Amfanin rarrabawar shi ne a yi wa kowane bayani alama, a kulle masu tsananin sirri, a taƙaita masu ikon ganinsu. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72. Tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, wanda duk ya fi yawa.