Tarihin Gwajin Koma-baya a Rumbun Bayanai na PostgreSQL

Gwajin koma-baya al'ada ce ta masu ƙera manhaja: duk lokacin da aka yi gyara, ko aka girka manhajar a sabuwar kwamfuta, sai a sake yi mata tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, don a tabbatar abin da ke aiki jiya bai lalace yau ba. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana cikin waɗanda suka daɗe da riƙe wannan al'ada.

Asalinsa aikin POSTGRES ne, wanda Michael Stonebraker ya jagoranta daga 1986 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka. A 1994 ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa harshen SQL, kuma su ne suka fara rubuta gwaje-gwajen. Daga baya Marc Fournier da Thomas Lockhart suka sake tsara su, kuma tun daga fitowa ta 6.1 a 1997 ake sabunta su tare da kowace fitowa.

Tsarin ba shi da wuya. Ana aika wa rumbun jerin umarni, a adana amsoshinsa, a gwama su layi-layi da amsoshin da aka ajiye tun farko. Duk bambancin da aka samu yana shiga fayil ɗin regression.diffs. Umarnin make check yana gwadawa a rumbun wucin gadi, shi kuwa make installcheck yana gwada wanda aka riga aka girka.

Tun da wuri aka gane cewa ba kowace faɗuwa ce ke nuna ɓaraka ba. Wata kwamfutar takan bambanta da wata a lambobin ƙarshe na lissafin ɓurɓushi, abin da ya sa gwajin geometry ya yi ƙaurin suna. Tsarin harshe yakan sauya jerin haruffa, saƙon kuskure yakan zo da wasu kalmomi, layuka su fito a wani jeri dabam. A tsofaffin fitowa, gwajin horology yakan faɗi a ranar da ake sauya agogo a Amurka, domin ranar ba ta zama awa 24 daidai. Don magance bambancin da ke tsakanin kwamfutoci aka tanadi fayil ɗin resultmap, mai zaɓa wa kowane irin tsari amsar da ta dace da shi.

A 2004 Andrew Dunstan ya kafa buildfarm, garken kwamfutocin 'yan sa-kai da ke gina manhajar su gwada ta ba dare ba rana. Fitowa ta 12 a 2019 ta sauya yadda ake fitar da lambobin ɓurɓushi, saɓanin ya ragu.

Ƙa'idar dai ba ta sauya ba: wanda gwaji ya faɗi a hannunsa, wajibinsa ne ya fara karanta fayil ɗin bambanci, ya tantance ko matsalar daga manhajar take ko daga kwamfutar da aka girka ta a ciki, kafin ya damƙa wa rumbun bayanan jama'a.