Abin da ya haɗa harin Tokyo da kwalbar fiya-fiyar ɗakinka

Jama'a, ga wani zare. Ku daure ku kai ƙarshe 🧵

A 1936 wani Bajamushe, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari a kamfanin IG Farben sai ya haɗa gubar tabun. A 1938 shi da abokan aikinsa suka haɗa sarin. Dichlorvos ɗin da ke cikin Sniper, da ake zubawa a fiya-fiya, danginsu ɗaya, ƙarfi ne ya bambanta.

Ranar 20 ga Maris 1995 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Asibitin St. Luke's kaɗai ya karɓi mutum kusan 640 ranar, yawancinsu a ƙafa ko a tasi. Da farko ma an sanar da wata guba daban.

Can Matsumoto, wani likita, Nobuo Yanagisawa, yana kallon talabijin. Ya yi jinyar waɗanda sarin ta taɓa a garinsu a 1994, ya san alamun. Nan take ya aika wa asibitocin Tokyo bayanin magani ta fax.

Alamun: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Yawu na dalala, gumi, hawaye, amai, ƙirji na ƙurji da ruwa. Gubar tana hana jijiya hutawa, mutum ya nutse a cikin ruwan jikinsa.

Ma'aikatan ceto da na asibiti da yawa su ma sun kamu, daga tufafin majinyata.

Ni a unguwarmu na ga an danne yaron da ya sha fiya-fiya ana ɗura masa manja. Wallahi har yau abin na damuna. Manja ko madara ba sa karya wannan gubar, kuma in ya shaƙe, huhu suke tafiya.

Kada a sa shi amai. A cire masa kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu, mai wankin ya sa leda a hannu. A kwantar da shi ta gefen hagu, a adaidaita ma haka, a tafi da kwalbar.

A asibiti allurar atropine ce. Likita na ninka ta har sai ƙirji ya bushe, don haka kar ka tayar da hankali in ka ga ana ta ƙarawa.