Suma da Gashin Jikin Dabba: Nazarin Inda Bambancinsu Yake

Tsakure

Maƙalar ta duba ko akwai bambanci na asali tsakanin sumar ɗan Adam da tattausan gashi mai cunkoso da ke rufe jikin zomo, kyanwa da ire-irensu. Hujjojin ilimin halittu sun nuna cewa sinadarinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne tsawon zangon tsiro da yadda gashin ke jeruwa a fata.

Sinadari da gini

Gashin duk wata dabba mai shayarwa da furotin keratin aka gina shi, wanda shi ne kuma ke cikin farce, kofato da ƙaho. Idan aka duba sili ɗaya a madubin kimiyya za a ga ɓawo a waje, sai tsakiya mai ɗauke da launi, sai ɓargo a can ciki, wanda siraran gashi kan rasa. Mutum da dabba duk haka suke.

Zangon tsiro

Kowace saiwar gashi tana da lokacin tsiro, da lokacin tsayawa, da na hutu, sannan silin ya zube wani ya fito. Sumar kai tana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, kuma zangon tsironta kan kai shekara 2 zuwa 6, shi ya sa ake iya kitsa ta. Gira kuwa watanni kaɗan take yi ta tsaya. Ke nan a fuskar mutum ɗaya ma akwai gashin da ke bin tsarin da aka saba jinginawa ga dabba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a ganina.

Binciken ƙwayoyin gado ya ƙara fito da lamarin fili. A 1994 aka gano a jikin ɓeraye cewa ƙwayar FGF5 ce ke ba saiwa umarnin daina tsiro. Idan ta samu tangarɗa, sai gashi ya yi ta tsawo. A 2009 wani bincike da mujallar Science ta buga ya nuna cewa ƙwayoyi uku, FGF5 da RSPO2 da KRT71, su ke da alhakin mafi yawan bambancin gashi tsakanin karnuka. Canji a ƙwaya ɗaya ya isa ya mayar da gajeren gashi dogo.

Jeri a fata

Dabbobi da yawa suna da rufi biyu: dogon gashi mai kauri a sama da ke kare ruwa da ƙaya, da lallausa a ƙasa mai riƙe iska don ɗumi. Karen ruwan tekun Fasifik ya fi kowa cunkoso, fiye da sili 100,000 a murabba'in santimita ɗaya, adadin da ya kai na kan mutum gaba ɗaya. Ba shi da kitsen da ke kare sauran dabbobin teku daga sanyi, da gashin kaɗai ya dogara.

Tumaki ne suka fi bayyana batun, domin jinsi ɗaya ne ya rabu gida biyu a hannun makiyaya. Tunkiyar daji tana da rufi biyu, tana kuma zubar da na ƙasa duk shekara. Merino ta Sifaniya da Ostareliya an yi ta zaɓen irinta har lallausan gashin ya rinjayi mai kauri, ya daina zuba, ya zama ulun da dole a yi wa sausaya. Uda, Balami da 'Yanƙasa da ake kiwo a Nijeriya da Nijar kuwa gajeren gashi mai kauri suke da shi, wanda ke zuba da kansa, kuma yana barin zafi ya fita daga jiki a watannin bazara. Makiyayin da ya kawo tunkiya mai ulu wannan yanki, sai ya shirya wa sausaya da inuwa.