Gwaninta Ko Biyayya? Nazari A Kan Ƙa'idojin Babban Ajin Turanci A Sakandaren Amurka

A makon farko na shekarar karatu a Amurka, wato tsakanin watan Agusta da farkon Satumba, malamin babban ajin Turanci kan raba wa ɗalibansa takarda mai 'yan shafuka. A cikinta akwai littattafan da za a karanta, da yadda za a raba maki, da hukuncin wanda ya makara da aikin gida, da na wanda aka kama da satar rubutun wani. A ƙasa akan bar wurin sa hannun ɗalibi da na mahaifi ko mariƙi. Wannan maƙala ta dubi irin wannan takarda a azuzuwan da ake kira Advanced Placement, ko AP a taƙaice. Da'awarta ita ce da yawa daga cikin ƙa'idojin suna cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba: gwanintar ɗalibi a karatu da rubutu, da kuma biyayyarsa ga tsarin malami.

Shirin AP ya samo asali ne a farkon shekarun 1950, lokacin da wasu manyan makarantun kuɗi irin su Andover da Exeter da Lawrenceville suka haɗa kai da jami'o'in Harvard da Yale da Princeton don rage maimaita darasi ɗaya a ƙarshen sakandare da farkon jami'a. Hukumar College Board ta karɓi ragamar shirin a 1955. Manufarsa ɗalibi ya yi karatun matakin jami'a tun yana sakandare, ya zauna jarrabawa a watan Mayu, a ba shi sakamako daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa kan yafe wa wanda ya samu 3 ko sama da haka wani kwas na shekarar farko.

Abin da jarrabawar take aunawa a fili yake. A ɓangaren harshe da insha'i, ɗalibi zai amsa tambayoyi 45 masu zaɓin amsa cikin awa ɗaya, sannan ya rubuta insha'i uku cikin awa biyu da minti 15: ɗaya ya haɗa hujjoji daga majiyoyin da aka ba shi, ɗaya ya feɗe dabarun wani marubuci, ɗaya ya kare ra'ayinsa. Rubutun ne ke ɗauke da kashi 55 cikin ɗari na sakamakon. Tun daga shekarar karatu ta 2019/2020, kowane insha'i maki shida gare shi: ɗaya na matsayar da ɗalibi ya ɗauka, huɗu na hujja da sharhi, ɗaya na zurfin tunani. Masu duba takardun ba su san ko ɗalibin mai makara ne ko mai sammako ba. Rubutunsa kawai suke gani.

Mai karatun da ya saba da jarrabawar adabin Turanci ta WAEC ko NECO, inda hukuma ke ƙayyade littattafan da za a karanta, zai lura da wani bambanci. AP ba ta wajabta wani littafi ba. Tun 2007 College Board ke tantance manhajar malami kafin ta yarda makaranta ta sa wa darasi sunan AP, amma zaɓen littattafai da rabon makin aji da hukuncin makara duk suna hannun malami da makarantarsa. Shi ya sa takardar makon farko take da nauyi haka.

Mu ɗauki dokar makara, wadda a nan ne cakuɗawar ta fi fitowa. Wani malami kan rage kashi 10 a kowace rana, wani kuma ya ba da sifili kai tsaye. A ma'aunin maki 100 da makarantun Amurka da dama ke amfani da shi, kowane matakin cin jarrabawa faɗinsa maki goma ne, amma faɗuwa ta mamaye tun daga 0 har zuwa 59. Douglas Reeves ya ja hankali a kan wannan karkata a wata maƙala da ya buga a 2004, Joe Feldman kuma ya faɗaɗa batun a littafinsa Grading for Equity na 2018. Lissafin ba ya buƙatar gwani. Ɗalibar da ta samu 85 a insha'i uku, ta makara da na huɗu aka ba ta sifili, matsakaicin makinta ya koma 63.75. Duk wanda ya ga wannan adadi a takardar sakamako zai ɗauka rubutu ne ba ta iya ba, alhali abin da ya faru shi ne ranar miƙa aikin ta wuce ta. Makin ya yi wa jami'a ƙarya, ya yi wa iyaye ƙarya.

Masu goyon bayan tsanantawa suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jami'a ba za ta jira kowa ba, jarrabawar Mayu ma da agogo ake yin ta. Ƙari a kan haka, malamin da ke duba insha'in ɗalibai fiye da ɗari ba zai iya karɓar aiki a duk ranar da aka ga dama ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai hujjar tana nuna buƙatar wa'adi ne da sakamakon saɓa shi, ba ta nuna cewa dole a cire sakamakon daga makin gwaninta ba. Ana iya tsare ɗalibi bayan tashi ya gama aikin, ko a kira iyayensa, ko a rubuta halin kiyaye lokaci a wani gurbi na daban. Hukuncin da ya dace da wanda bai yi rubutu ba shi ne a sa shi ya yi rubutun. Sifili sallamarsa yake yi.

Aikin dogon hutu ma haka. Azuzuwa da yawa kan ɗora wa ɗalibi littafi ɗaya ko biyu tsakanin Yuni da Agusta, a gwada shi a makon farko. Karatu a hutu abu ne mai kyau. Amma yaron da ya yi hutunsa yana aiki a kanti, ko wanda iyayensa suka ƙaura zuwa garin a Agusta, zai shiga ajin da bashi a wuya tun kafin a koya masa komai, alhali College Board da kanta tana kira ga makarantu su buɗe ƙofar AP ga duk ɗalibin da ke da niyya da shiri.

Inda tsanantawa ta cancanta shi ne amanar rubutu, domin nan ne gwaninta da hali suka zama abu guda: insha'in da ba naka ba ba ya nuna komai game da kai. Fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 ta dagula lamarin. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe shi a Janairun 2023, suka janye a Mayu. Wasu malamai sun koma dogaro da manhajojin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Kamfanin OpenAI ya janye nasa ma'aunin a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, Jami'ar Vanderbilt kuma ta kashe na kamfanin Turnitin a watan Agustan shekarar. Zargin ɗan shekara 17 da sata bisa hasashen na'ura zalunci ne. Hanyar da ta fi aminci tsohuwa ce: a yi rubutu a gaban malami, a ajiye daftari na farko da na biyu, a zaunar da ɗalibi ya bayyana dalilin da ya sa ya gina hujjarsa yadda ya gina ta. Wanda ya rubuta abinsa ba ya rasa amsa.

Wannan hanya tana cin lokacin malami, kuma lokacin ba zai samu ba sai an rage yawan ƙananan ayyukan da ake ba maki don kawai a tabbatar ɗalibi ya buɗe littafi. Insha'i shida da aka duba, aka mayar, aka sake rubutawa, sun fi takardun cike gurbi talatin kusa da abin da za a tambaya a Mayu. Malamin da zai rubuta takardar ƙa'idojinsa ta baɗi ya bi ta layi-layi, ya ware dokokin da ke auna karatu da rubutu ya bar su a cikin maki, sauran kuma ya nema musu wani hukunci.